Yadda zaka kai koke kan shugaban makarantar ɗanka har a saurare ka, kuma ba a huce kan yaron ba

A nan Katsina in hedimasta ko firinsifal ya yi abin da bai gamshi iyaye ba, abin da aka saba shi ne a zauna majalisa bayan la'asar a yi ta yi da shi, mata su yi nasu a gidan suna, guruf ɗin WhatsApp na iyaye ya ɗau zafi kwana biyu kowa na turo boyis, daga nan shiru, zango na gaba a sake karɓar kuɗin da aka karɓa a sake zaman majalisa. Wasu kuma zuciya ce ke ɗibarsu, su tafi makarantar da sassafe su tsaya bakin ofis suna ɗaga murya gaban ɗalibai, su dawo gida suna ganin sun yi maganin abin, alhali ba abin da suka baro a can sai sunan ɗansu a bakin malamai. Abin da ke motsa ofis takarda ce mai kwanan wata, mai magana ɗaya, wadda ta isa teburin wanda ke da iko kan shugaban, kuma kwafinta na hannunka an buga mata sitam. To ga yadda ake kaiwa can.

Amma tukuna, akwai abin da ba ya jiran bin mataki

In an ji wa yaro ciwo, duka ne har ya fasa jiki ko ya taɓa ido ko kunne ko aka karya mashi hannu, ko kuma wani babba a makarantar ya taɓa ɗiyarka ko ɗanka taɓawar banza, wannan ba maganar PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ba ce, ba kuma maganar "a zo a zauna a fahimci juna" ba ce. Asibiti zaka fara, na gwamnati, a ranar, a buɗe kati likita ya duba ya rubuta abin da ya gani, ka ɗau hoton ciwon da waya tun bai fara warkewa ba. In lalata ce kada a wanke kayan da ke jikin yaron, a sa su cikin takarda ko ambulan a ajiye, kuma kada a wuce awa 72 ba a je asibiti ba saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin wannan lokacin yake aiki. Daga asibiti sai ofishin 'yan sanda mafi kusa, sannan ka sanar da ma'aikatar harkokin mata ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ke nan Katsina. Za a zo maka gida da dattawa a ce a rufa asiri don sunan makaranta, wani lokacin har da ambulan. Ka tuna dai wanda ya yi wa naka in aka rufe yana nan cikin sauran yaran mutane gobe da safe.

Haka maganar tsaro. Tun abin da ya faru Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300, babu uban da ke ɗaukar katangar da ta faɗi ko get da ba maigadi a matsayin ƙaramin abu, musamman makarantar kwana. Irin wannan ka gaya wa shugaban yau, ka rubuta wa na sama da shi gobe, ba sai ka jira amsarshi ba.

Sauran abubuwan, wato kuɗin da ake ƙaƙaba wa yara ba rasit, malamai ba su shiga aji, abincin makarantar kwana, korar yaro ba dalili, riƙe sakamako, fifita 'ya'yan wasu, sa ɗalibai aikin gonar malam ko ɗebo ruwan gidanshi lokacin darasi, su ne za a bi da su sannu.

Na farko, ka tabbatar da abin da ya faru

Yaro ya dawo yana kuka ya ce firinsifal ya kore shi ba laifin komai. Ka saurare shi har ya gama, kada ka katse shi kuma kada ka nuna mashi ranka ya ɓaci, don in ya ga idonka ya yi ja zai ƙara gishiri ko ya ɓoye rabin labarin. Bayan ya ci abinci ya huce ka sake tambayarshi ta wata hanyar, wa ke wurin, ƙarfe nawa, mi ya faru kafin nan. Sannan ka tambayi wani yaron ajinsu ba a gabanshi ba, ka tambayi iyaye biyu ko uku ko nasu sun zo da irin wannan labarin. In ɓera da sata daddawa ma da wari, kuma ba abin da ke kashe koke kamar ka je ofis da zafinka a jawo rijista a nuna maka ɗanka ya yi sati biyu bai shiga aji ba kai ba ka sani ba.

Ka samu ɗan littafi na musamman, irin mai ganye arba'in ɗin nan ya isa. Duk abin da ya faru ka rubuta ranar da abin da aka ce da wanda ya faɗa. Rasit, katin sakamako, takardar da aka aiko yaro da ita, saƙon da aka turo guruf, duk ka adana, na waya ka ɗau hotonshi tun kafin admin ya goge. In kuɗi ne aka ce a kawo, ka nemi rasit, in an ce babu to ka biya ta taransifa zuwa asusun makaranta, in kuma aka ba ka lambar asusun wani mutum can daban wannan ma ka rubuta, hujja ce. In kokenka malamai ba su koyarwa ne, littafin yaron shi ne shaidarka, buɗe na lissafi ka ga ranar ƙarshe da aka yi rubutu da ranar ƙarshe da jan biro ya taɓa shi.

Na biyu, makarantar ta wa ce?

Nan mutane da yawa ke ɓata tafiya, a ɗauki takarda a kai inda ba su da iko kan mutumin, su karɓa don kunya su ajiye. Dubi allon bakin get da saman takardun makarantar, galibi a rubuce yake wace hukuma ke riƙe da ita.

Firamaren gwamnati tana ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukuma, wanda Sakataren Ilimi ke shugabanta, shi ne wanda kowa ke ce wa ES, kuma kowace daga cikin ƙananan hukumomi 34 na jihar nan tana da nata. Sama da ES sai SUBEB, wato hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, a Katsina. Sakandaren jiha kuma sama da firinsifal akwai ofishin shiyya mai duba ingancin ilimi, kamar na Katsina da Daura da Funtua da Dutsin-Ma da Malumfashi, sama da su sai ma'aikatar ilimin firamare da sakandare, ladabtar da malaman sakandare kuma yana bi ta hukumar kula da malamai, wato TSB. Makarantun kimiyya da na fasaha suna da tasu hukumar daban. Irin su kwalejin gwamnatin tarayya ta Daura da ta 'yan mata ta Bakori kuwa ba na jiha ba ne sam, ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja ke riƙe da su, in ka kai takardarsu ofishin shiyya ka yi asarar kuɗin mai. Makarantar kuɗi zan zo kanta a ƙasa, don nata lissafin daban ne.

Na uku, ka je ka same shi ido da ido

Ko da kana ganin ba zai yi amfani ba, ka je. Dalili biyu. Sau da yawa shugaban bai ma san abin na faruwa ba, wani malamin aji ne ko mataimaki ke yi da sunanshi. Sannan duk ofishin da zaka je nan gaba tambayar farko da za su yi maka ita ce "Ka ga hedimastan?" In ka ce a'a can za su maida ka.

Kada ka je lokacin asambuli, kada ka je da yaron, kada ka je kai kaɗai. Ka ɗauki mutum ɗaya mai sanyin rai, ƙaninka ko maƙwabci ko wani uban da abin ya shafa, in ke ce uwa ki tafi da 'yar uwarki ko wata daga cikin matan PTA, kuma ki je ɗin, ba dole sai maigida ya dawo daga tafiya ba. Ku yi sallama, ku gaisa sosai, a tambayi aiki a tambayi iyali, sannan ka shigo da maganar da sigar tambaya. Misali: "Ranka ya daɗe, yaron nan ya zo mani da wata magana ne, na ce ba zan ɗauki ta yaro ba sai na zo na ji daga bakinka. Wai an ce kowa ya kawo kuɗin jarabawa, wanda bai kawo ba ba zai zauna ba. Daga ofis umarnin ya zo ko ko shawarar PTA ce?" In mace ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, wata 'yar magana ce ta kawo mu." Ka ga ba ka zarge shi ba, amma ka sa shi dole ya faɗi daga ina abin ya fito, kuma duk amsar da ya ba ka zaka iya bin sawunta. In ya ce daga sama ne, ka roƙi a nuna maka sakular ɗin, wato takardar umarnin. In ya ce PTA ce, ka tambayi ranar da aka yi taron da inda aka rubuta abin da aka zartar.

Kafin ka tashi ka faɗi abin da kake so a yi, ƙarara, kuma ku tsaida rana. "To Malam, in Allah ya kai mu Litinin ta sama zan leƙo in ji inda aka kwana." Kana fita ka rubuta abin da aka yi cikin littafinka tun kana kan mashin ba ka tada ba, don bayan kwana uku kai da abokin tafiyarka kowa zai tuna daban.

Wani abu da ya kamata a faɗa don adalci. Hedimastan firamare da yawa ba a ba su ko kuɗin alli, ga yara sama da ɗari a aji ɗaya, ga rufin da iska ta yaye, shi ya sa suke ɗora wa yara 'yan kuɗaɗe. Wannan bai halatta karɓar ba, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare kyauta ne a makarantar gwamnati, har ta yanka tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata 3 ko duka biyun ga wanda ya karɓi kuɗi saɓanin haka. Amma in ka gano kuɗin da gaske alli aka saya da su, to kokenka ya canza adireshi, kai da hedimastan ya kamata ku haɗa kai ku rubuta wa ES. In kuwa an karɓa kuma ba allin ba gyaran, shi ne za a wuce gaba.

Na huɗu, PTA da SBMC

Ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a wasu makarantun mutanen dai su ne. PTA ta iyaye da malamai ce. SBMC kuma kwamitin al'umma ne mai sa ido kan yadda ake tafiyar da makarantar gwamnati, a ciki akwai wakilin masarauta kamar mai unguwa ko magaji, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'a, har da wakilan ɗalibai. A makarantun da shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata ya shiga, wanda Katsina na cikin jihohi 7 na farko da aka fara da su, kuɗin gyaran makaranta ta hannun SBMC suke bi, kuma shirin na da tsarin karɓar koke nashi, don haka in maganar kuɗin gyara ce ka tambayi wa ke karɓar koke a makarantar.

Ka samu ciyaman a gida ko masallaci ka yi mashi bayani, ka nemi a sa maganar cikin ajandar taro na gaba, kuma a taron ka tabbatar an rubuta ta cikin littafin taro. Sai dai ka sani, galibi shugaban makarantar shi ne sakataren SBMC, wato wanda kake ƙara shi ke riƙe da biro, wani wurin kuma ciyaman ɗin PTA ya shekara goma bisa kujera ɗanshi na ƙarshe ma ya gama makarantar tuni, shi da firinsifal tare suke shan shayi. In ka ga haka kada ka ɓata wata guda kana zarya, ka ba su sati biyu, ka rubuta cewa ka kai masu, ka wuce. Amfanin wannan matakin ma mafi girma shi ne a nan zaka gane su wa abin ke damu kamar kai. Takardar da iyaye goma sha biyar suka sa wa hannu da lambar wayarsu ba a yi mata kallon rigimar mutum ɗaya, kuma ba yaro ɗaya za a sa wa ido ba. Amma kowa ya karanta ko a karanta mashi kafin ya sa hannu, don ranar da masu bincike suka kira wani ya ce shi bai san mi aka rubuta ba, ranar takardar ta mutu.

Na biyar, takardar kanta

Nan ne aikin yake. Shafi ɗaya, in ta yi yawa ɗaya da rabi. Magana ɗaya, ko biyu in suna da alaƙa. Mai karantawa na da fayil tuli a gabanshi, in ka haɗa kuɗin jarabawa da rashin ban ɗaki da yadda firinsifal ya ƙi amsa sallamarka a kasuwa, zai ce wannan ƙiyayya ce ta tsakaninku ya ture.

Kuma ka rubuta abin da ya faru, ba sunan da ka ba mutumin ba. "Hedimasta ɓarawo ne azzalumi" ba abin da mai bincike zai iya yi da ita, kai ma tana iya jawo maka ƙarar ɓata suna. Amma "ranar Litinin kaza ga wata an umarci kowane ɗalibin aji biyar ya kawo naira kaza, ba a ba da rasit ba, ranar Laraba aka maido yara bakwai gida har da nawa saboda ba su biya ba", wannan ana iya zuwa a buɗe rijista a gani.

Tsarinta kamar haka. Sama sunanka da unguwarku da lambar waya da kwanan wata. Sai wanda ake rubuta wa, da muƙaminshi ba da sunanshi ba, don ana canza mutane, wato Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma kaza, ko Shugaban SUBEB, ko Mai girma Kwamishina. Sai kan magana layi ɗaya: koke kan karɓar kuɗi ba bisa ƙa'ida ba a makaranta kaza. Cikinta kuma wani abu mai kama da wannan:

"Ni mahaifin ɗalibi ne a aji kaza na wannan makaranta. A ranar kaza abu kaza ya faru. A ranar kaza na samu shugaban makarantar a ofishinshi tare da mutum ɗaya, ya ce mani kaza. A ranar kaza na kai maganar ga shugaban PTA, har yau ba a yi komai ba. Ina roƙon wannan ofis ya bincika, a maida wa iyaye kuɗinsu, a bar yaran su koma aji, kuma a tabbatar ba a takura wa wani ɗalibi saboda wannan koke ba. Na haɗo kwafin abu kaza da kaza."

Sai sa hannu. Layin nan na kada a takura wa ɗalibi kada ka bar shi, zai yi maka amfani nan gaba.

Aikin ofis da Turanci ake yi, don haka in ba ka iya ba ka rubuta taka da Hausa yadda kake so, ka kai wa wanda ka yarda da shi ya juya, a buga a biznes senta, sannan a karanta maka a fassara maka layi layi kafin ka sa hannu, ka liƙa ta Hausar a baya. Masu buga takarda wasu na son ƙara manyan kalmomi don ta yi armashi, sai ka ga an sa maka zargin da ba ka yi ba. Kuma kada ka taɓa ba da asalin rasit ko takardar likita, hoto kawai, na asali na gida cikin leda.

Takarda marar suna fa? Na san dalilin da ke sa a yi, tsoro ne, garin ƙarami ne kowa ɗan uwan kowa ne. Amma ba wanda za a kira a tambaya, ba wanda zai bi sawu, shugaban kuma zai ce maƙiya ne. In tsoro ne gara a yi ta taro da sunan iyaye da yawa.

Na shida, kaiwa da bin sawu

Ka yi kwafi uku aƙalla. Ka je da kanka ofishin, ka nemi wurin karɓar wasiƙu, wato rajistiri, ko sakataren mai ofis. Ka miƙa ɗaya, ka miƙa ta biyu ka ce a buga maka sitam na an karɓa, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Wani zai ce "bar ta kawai Alhaji, za a kai mashi." Ka yi murmushi ka ce "Na sani ranka ya daɗe, don dai in nuna wa sauran iyayen na kawo ne." Kada ka fita ba sitam ɗin nan, ko da zaka zauna benci har azahar. Ba a biyan ko sisi don an karɓi koke. Kuma kada ka ba wani ɗan uwanka ma'aikacin wurin ya kai maka ta bayan fage, in ta ɓace ba ka da bakin tambaya, zumunci ya hana.

Bayan sati biyu ka koma da kwafinka ka tambayi ina takardar ta kwana, teburin wa take, an ba ta lambar fayil ko ba a ba ta ba. Safiyar Talata ko Laraba ta fi, Juma'a rabin rana ce. In wata ya cika shiru, ka rubuta 'yar tunatarwa layi huɗu ka liƙa hoton ta farko mai sitam. In ta biyun ma shiru, sai ka hau sama, daga ES zuwa SUBEB, daga shiyya zuwa ma'aikata, ka haɗa duk kwafin baya, kuma a ƙasa ka nuna ka aika wa ofishin da ka baro kwafi. Sau da yawa wannan kwafin kaɗai ke tada fayil ɗin da ya yi barci, don ba mai son ogansa ya tambaye shi mi ya sa mutum ya zo sau biyu ba a amsa mashi ba.

In aka turo masu bincike za su kira ka, ƙila a gaban shugaban. Ka zo da littafinka, ka tsaya kan abin da ka rubuta, kada ka ƙaro sabon zargi a wurin, in an tambaye ka abin da ba ka gani da idonka ba ka ce ji ka yi.

Makarantar kuɗi da Islamiyya

A makarantar kuɗi firinsifal ma'aikaci ne, mai makarantar ke da wuƙa da nama, don haka bayan firinsifal shi zaka nema, a rubuce. Ka duba fom ɗin da ka cika ranar shiga da takardar kuɗin makaranta, abin da aka yi alkawari a ciki shi ne hujjarka, ko yawan yara a aji ne ko motar ɗauka ko kuɗin littafin da aka karɓa ba a ba da ba. In mai makarantar ne da kanshi matsalar, ma'aikatar ilimi ce ta ba shi izinin buɗewa kuma tana da ikon rufewa, akwai sashen da ke kula da makarantu masu zaman kansu, can zaka kai. Ƙungiyarsu ta NAPPS na iya shiga tsakani a sasanta, amma ka tuna ƙungiyar masu makarantu ce ba ta iyaye ba. Kuma kafin rigima ta yi nisa ka biya duk bashin da ake bin ka da gaske ka karɓi rasit, don da shi za a fara rufe maka baki, da shi kuma za a riƙe sakamakon yaro.

Islamiyyar unguwa kuwa galibi tana da kwamiti ko ƙungiyar da ta kafa ta, sai limami da mai unguwa. Nan takarda ba ta kai zama da dattawa tasiri ba, amma ko a nan ɗin ka je da mutum biyu, kuma abin da ya shafi rauni ko lalata hukuncinshi ɗaya da na boko.

In duk an bi an gaji

Akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a ta tarayya, PCC, wadda aka kafa a 1975 zamanin Murtala, tana da ofis a kowace jiha har da nan, kuma kyauta ne. Abu uku zaka kiyaye game da ita: ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, tana so ta ga ka fara bin hanyoyin da ke akwai, nan takardunka masu sitam za su yi maka rana, kuma dokarta ta ce a kawo koke cikin wata 12 da faruwar abin. Ba kotu ba ce, bincike take ta ba da shawarar gyara, amma wasiƙarta in ta isa ofis ana amsawa. In maganar cin kuɗin makaranta ce, jiha na da tata hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci, ga kuma ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya. In rashin ɗa'ar aikin malanta ne, TRCN mai yi wa malamai rijista tana da kwamitin bincike kuma tana iya soke rijistar malami. Ɗan majalisar jiha na mazaɓarku ma na iya gabatar da koken a zauren majalisa, sai dai da zarar ɗan siyasa ya shiga, maganar ta zama ta jam'iyya, wanda kake ƙara shi ma zai nemo nashi.

Facebook da rediyo su ne na ƙarshe, ba na farko ba. Gaskiya wani lokacin hoton aji ba rufi in ya zagaya ya fi takarda goma sauri. Amma hoton gini daban, kiran sunan mutum da ɓarawo daban, ana kama mutane kan rubutun intanet ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, ga kuma ƙarar ɓata suna. In zaka yi, ka faɗi abin da ke cikin takardarka kawai, da ranar da ka kai da cewa ba a amsa ba. Fuskar yaro da sunanshi kada su fito ko naka ne.

Shi kuma yaron da zai koma aji gobe

Kada ka sa shi cikin rigimar. Kada ya zama ɗan aiken takarda, kada ka zagi malaminshi a gabanshi, kada ka ba shi waya ya ɗauko maka murya a ɓoye, in aka kama shi shi za a kora kuma da hujja. Ka ja mashi kunne ya riƙa zuwa kan lokaci da cikakken yunifom, don a wannan tsakanin ƙaramin laifi ma za a gani. Ka ɗau hoton katin sakamakonshi na zangon baya ka ajiye, in makinshi ya faɗi warwas ba dalili bayan kokenka ka nemi a nuna maka takardun jarabawar, ka rubuta sabuwar takarda zuwa ofishin da ka kai ta farko ka tuna masu layin nan da ka roƙa kada a takura wa ɗalibi. In yana ajin ƙarshe ana dab da WAEC ko NECO kuma maganar ba ta gaggawa ba ce, ka ci gaba da tara hujja ka bari ya ajiye biro, wata 12 ɗin PCC dai na hannunka. In kuma ka yanke shawarar canza mashi makaranta, ka fara samun gurbi a sabuwar, ka karɓi takardar taransifa da sakamakonshi na baya su shigo hannunka, sannan ka sanar da su ka cire shi.